Bashi ya kewaye dukiyata: me zai faru da gida, gona, mota da ɗan abin da na tara?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ina cin kasuwar Gujungu da ta Maigatari, wani lokaci in kai kaya Dawanau. Na sayi masara da gero da tsada na ajiye, farashi ya faɗi a 2025, jarina ya karye. Yanzu manoma da dillalai shida suna bi na naira miliyan 4. Bankin ƙananan 'yan kasuwa yana bi na miliyan 2.4, takardar gidana tana hannunsu, ƙanena malamin makaranta shi ya tsaya mini. Wani Alhaji ya ba ni miliyan 2 in juya mu raba riba, yanzu ya ce bashi ne. Na jinginar da gonata a kan dubu 800, da sharaɗin in kaka ta wuce ban biya ba ta zama ta mai kuɗin. Akori-kurar da nake ɗaukar kaya da ita ta biyan wata-wata ce, kuɗinta miliyan 5, na biya miliyan 3.2, ina zuba dubu 200 duk wata, amma wata biyu ke nan ban zuba ba. Na kwashi adashi, saura zubin dubu 300 a kaina. Abin da ya rage mini buhu 60 na masara da za su yi miliyan 1.8, da dubu 350 a wani banki daban. Matata tana da awaki da ɗankunnen zinari. Ɗaya daga cikin dillalan ya kai ni wurin 'yan sanda. Ɗana ya ce ya gani a waya cewa mutum yana iya zuwa kotu a tabbatar ya karye, a yafe masa komai. Yayana ya ce in mayar da gidan da sunan matata. Ni kuwa zuciyata tana raya mini in tafi Kudu sai ƙura ta lafa. Ba na barci. Ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya warware maka. Duk wanda ya cika sito da tsadar 2024 ya ji faɗuwar farashin nan a jikinsa, kuma asara a kasuwa ba laifi ba ce.

In aka tara lissafinka, naira miliyan 11.3 ake bin ka. Wannan jimlar ce take hana ka barci, amma ba da ita za a yi aiki ba, domin basussuka shida ne, kowanne da abin da yake riƙe da shi da hukuncin da ya hau kansa. Shawararmu tun daga farko ita ce kada ka gudu, kada ka ɓoye komai, kada ka biya mutum ɗaya don ya fi kowa hayaniya. Ka tara su a zama ɗaya, ka sayar da abin da ya zama dole da hannunka tun kafin a sayar maka.

Abin da ɗanka ya gani gaskiya ne, sai dai labarin wasu ƙasashe ne. A Amurka mutum yana iya kai kansa kotu, a sayar da abin da doka ba ta kare masa ba, a shafe yawancin sauran bashin cikin 'yan watanni. A Ingila yawanci bayan wata 12 ake sallamarsa. Ko a can ma, wanda aka jinginar wa gida ko mota ba ya rasa haƙƙinsa a kan kayan. Nijeriya tana da tata dokar karayar arziki ta 1979, wadda aka yi wa gyara a 1992, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara. Akwai ta a Dutse, akwai a Kano. Mai bin bashi yana iya shigar da ƙarar in bashin ya kai naira 2,000, adadin da zai nuna maka tsufan dokar, shi ma wanda ake bi yana iya shigarwa da kansa. Kotu takan naɗa jami'in da zai karɓe dukiyar duka, a bar maka tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a masu ƙaramar daraja, a sayar da sauran a raba. Mai riƙe da jingina yana nan da jinginarsa. Sai kotu ta sallame ka sannan ragowar bashin zai faɗi a idon dokar ƙasa. Kafin nan ba ka cin sabon bashi ba tare da ka faɗi matsayinka ba, ba ka zama daraktan kamfani, kuma tsarin mulkin 1999 ya hana ka takarar majalisa ko gwamna. Hanya ce mai tsawo, sai da lauya da kuɗi, ba kasafai ake bin ta ba ko a birni. Ba za ta ceci gidanka ba, ba za ta ceci ƙanenka ba. Ka bar ta.

Inda manoman nan za su kai ka in suka gaji shi ne kotun Shari'ar Musulunci, wadda ke hukunci da fiƙihun Malikiyya, kuma fiƙihun ya yi wa matsalarka babi guda, babin taflisi, wato hukuncin wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, a Mukhtasar da sauran littattafan da alƙalai ke dubawa. Ya kamata ka san abin da ke ciki. Da zarar bashi ya kewaye dukiyar mutum, tun kafin a je gaban alƙali, masu bin sa suna da ikon hana shi yin kyauta da dukiyar, da hana shi miƙa wa mutum ɗaya duk abin da ke hannunsa, da hana shi biyan wanda lokacinsa bai yi ba, har da hana shi tafiyar da wa'adin bashi zai cika yana can. In suka nemi alƙali ya yanke masa hukuncin taflisi, sai a ɗaure hannunsa daga dukiyar, bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na yanzu, a sayar da kayan a gabansa. Dabbobi ake gaggauta sayarwa saboda ci da hatsari, gida da gona kuwa a jinkirta musu kamar wata biyu don a samu farashi mai kyau. Ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyarwarsu take wuyansa zuwa lokacin da ake zaton zai samu sauƙi, da suturar da aka saba. Sauran a raba wa masu bin bashi gwargwadon kuɗin kowa. Abin da bai biyu ba yana nan a wuyansa, amma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Alƙali yana iya tsare wanda ba a san halinsa ba, ko wanda ake zargin ya ɓoye dukiya, har a gane gaskiyarsa. Wanda shaidu suka tabbatar ba su san shi da wata dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, ya kuma rantse, ba a ɗaure shi. Ka lura da abin da wannan ke nufi gare ka: bayyana komai shi ne kariyarka daga gidan yari.

Saboda haka shawarar yayanka, duk da don ƙauna ya bayar, ita ce mafi hatsari a wasiƙar nan. Kyautar wanda bashi ya kewaye ana warware ta a kotun Musulunci, ana warware ta a kotun ƙasa. Haka nan in ka ce matarka ko ɗanka yana bin ka wani bashi da babu shaida, ba za a karɓa ba. Ga shi takardar gidan ma ba ta hannunka. Abin da za ka samu kawai shi ne ka tashi daga mutumin da kasuwa ta karya ka koma wanda ake tuhuma da zamba, ka kuma jawo baiwar Allah cikin shari'ar da ba ruwanta.

Gidan kansa, ka je banki ka nemi kwafin duk takardar da ka sa wa hannu da cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar farko. Abu biyu za ka duba. Na farko, wace irin jingina ce. In takardar gidan kawai ka ajiye musu, ba a rubuta cikakkiyar jingina da amincewar hukuma da rajista ba, banki ba ya iya sayar da gidan sai da umarnin kotu. In kuwa cikakkiyar jingina ce, mai amincewar da dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shar'anta, yana iya sayarwa bayan sanarwar da yarjejeniyar ta faɗa ba tare da ya je kotu ba. Ko ta wace hanya, haƙƙinsa kawai zai ɗauka da kuɗin da ya kashe, rarar taka ce. In kuɗin gidan bai kai ba, ragowar tana nan a kanka. Na biyu, a cikin miliyan 2.4 ɗin nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ne tarar jinkiri. Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade cajin da bankuna za su iya ɗorawa, kuma yana da sashen kare masu hulɗa da banki da za ka kai wa kuka in ka rubuta wa bankin bai warware ba. Ka rubuta musu takarda, ka karɓi kwafin da suka buga wa hatimi, ka nemi a cire tara, a rage ruwa, a tsawaita lokaci, a daidaita biya da kaka. Bankuna sukan saurari wanda ya kawo kansa, domin gidan ƙauye wuyar sayarwa gare shi, maƙwabta ba sa son sayen gidan da aka fitar da iyali daga ciki.

Kada ka ɗauka in ka gama da banki gidan ya tsira. A mazhabar Malikiyya gidan zama yana cikin abin da ake sayarwa don biyan bashi. A kotun ƙasa kuma, wanda ya yi nasara a kanka zai fara da kayan da ake ɗauka, in ba su isa ba ya nemi izinin kotu a kan gida ko fili. Abin da zai riƙe maka rufin nan shi ne yardar mutanen da ke bin ka, a rubuce.

Gona ita ce inda muke ganin za a fi cutar ka in ka yi shiru. Sharaɗin nan na cewa in kaka ta wuce ta zama ta mai kuɗin ɓatacce ne. Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa: jingina ba ta zama mallakar mai riƙe da ita don wa'adi ya cika. Haƙƙinsa dubu 800 ne. In ka kasa biya, a yi wa gonar kuɗi, a sayar, ya fara ɗaukar nasa kafin kowa tunda tana hannunsa, rarar ta shiga cikin abin da za a raba wa sauran. Sannan in yana noma gonar yana cin amfaninta a kan rance, malaman Malikiyya ba su halatta shi ba, ko da yake al'ada ta yi ƙarfi a ƙauyukanmu. Ba muna cewa ka tayar masa da rigima ba, mutum ne da ya taimake ka a lokacin buƙata. Amma ka je da liman da dagaci tun kaka ba ta wuce ba, a gyara maganar a rubuce, a kira dillalan gonaki biyu da ba su san juna a kan zancen ba su faɗi abin da za ta yi. In gonar tana da girma, yankar wani ɓangare a sayar a fanshi sauran ya fi, da shaidu da sa hannun dagaci da amincewar ƙaramar hukuma. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, gona ce za ta ciyar da gidansa, kuma daga ita zai biya ragowar bashi. Ita ce ta ƙarshe da za ka rabu da ita.

Motar ce take da gaggawa. In yarjejeniyarku ta haya ce da za ta zama mallaka bayan kammala biya, dokar 1965 da ke kula da irin wannan ciniki ta ce idan mai mota ya karɓi kashi uku cikin biyar na kuɗin, ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Kashi uku cikin biyar na miliyan 5 miliyan 3 ne, kai kuwa ka biya miliyan 3.2, ka haye. In ya ƙwace da ƙarfi, yarjejeniyar ta rushe, kana iya neman duk abin da ka biya. Sai dai dokar ta ba shi wata ƙofa: in zubi uku ko fiye suka taru ba a biya ba, yana iya ɗauke motar ya ajiye a wurinsa har kotu ta yanke hukunci. Kai biyu ake bin ka. Kada ka yarda na uku ya cika ba ku zauna ba. Ka duba rasitanka, ka duba sunan da ke kan takardun motar. In kuma sayar maka ya yi bashi kai tsaye, motar taka ce, kuma a hukuncin taflisi in yana son ya ɗauki motarsa sai ya dawo da miliyan 3.2 da ya karɓa, ko ya bar ta ya shiga rabo da ragowar miliyan 1.8.

Riƙe ta ko sayar da ita lissafi ne. Ka ɗauki littafi ka rubuta abin da take kawowa in ta yi dakon kayan mutane a ranakun kasuwa, ka cire mai, direba, yaron mota, kuɗin ƙungiya, taya da gyara. In abin da ya rage a wata ya haura dubu 200, wata tara ya rage ta zama taka, ka riƙe ta ka nemi a mayar da zubi biyun da suka wuce zuwa ƙarshe. In bai kai ba, ku nemo mai saye tare da mai motar, a cire masa miliyan 1.8 a wurin cinikin, rarar ta tafi ga manoma. Kada ka sayar da ita a bayan idonsa, kada ka cire mata inji ko taya ka sayar. Muddin ba ta zama taka ba, wannan cin amana ne, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kai.

Dubu 350 da ke ɗaya bankin ba su ɓuya ba. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ke bai wa bankin da ke bin mutum damar ɗebe bashinsa daga duk asusun da ke haɗe da lambar BVN ɗinsa a wasu bankuna, har asusun haɗin gwiwa da na waya, in ya sa hannu a takardar izinin lokacin karɓar bashi. Uwar kuɗi da ruwa kawai ake ɗauka ta wannan hanya, ban da tara. Ka duba ko takardar tana cikin waɗanda ka sa wa hannu. Wanda ya yi nasara a kotu ma yana iya sa a riƙe kuɗinka da ke banki. Don haka kada ka bar kuɗin amanar kowa ya bi ta asusunka a wannan lokaci, kuma ranar da za a sayar da masarar, mai saye ya biya manoman kai tsaye a gaban shaidu. Ka cire abincin gida na watannin da suka rage zuwa kaka, ka faɗi adadin a zaman sulhu, sauran ka ɗora a kan faifai.

Awaki da zinarin matarka nata ne. Babu mai bin ka da yake da haƙƙi a kansu, sai in ita ma ta sa hannu ta tsaya maka. In jami'an kotu suka haɗa da kayanta, tana da ikon zuwa kotun ta nuna nata ne a sake mata, don haka ta adana rasitin zinarin, a kuma san waɗanda za su shaidi asalin awakin. In da ragowar sadakinta a kanka wanda aka sani, tana shiga rabo kamar kowa. In ta ga dama ta taimaka, Allah Ya saka mata, a rubuta ko kyauta ce ko rance. Amma kada ka matsa mata, kada kuma ka karɓi zinarinta ka toshe bakin mutum ɗaya alhali biyar suna jira.

Maganar Alhajin mai miliyan 2 tana iya rage maka nauyi sosai. Kuɗin da aka bayar a juya a raba riba ƙiradi ne, kuma a ƙiradi asarar da ta zo ba tare da sakaci ko saɓa sharaɗi ba tana kan mai kuɗi, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Ko an shar'anta cewa dole uwar kuɗi ta dawo, sharaɗin bai inganta ba. Inda gizo ke saƙa shi ne shaida, domin in mai kuɗi ya ce rance ne kai ka ce ƙiradi, babu shaida, maganarsa ake ɗauka. Ka nemo waɗanda aka yi maganar a gabansu, da saƙonnin waya, da duk wata shaidar cewa ka taɓa kai masa rabon riba. Ka kuma shirya nuna abin da ka saya da kuɗinsa, nawa ka saya, nawa ka sayar. In wasu daga cikin buhunan da ke sito da kuɗinsa aka saye su, nasa ne, ba sa shiga rabo.

Ƙanenka ya ji komai daga bakinka yau. A fiƙihu ba a bin wanda ya tsaya wa mutum sai wanda ake bi ya rasa abin biya ko ya ɓace, amma takardar banki yawanci tana ba su damar bin sa kai tsaye, kuma mai albashi ya fi sauƙin kamawa. Duk abin da aka cire masa ya zama bashi a kanka. Ranar da ka hau motar Kudu, shi za a fara nema, sai mai mota ya ɗauki motarsa, mai gona ya riƙe gona, kotu ta saurari masu ƙara ba ka nan. Wannan tafiyar ba ta da alheri ko ɗaya.

'Yan sanda kuwa ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. In an kira ka ka je, tare da wani dattijo, ka yi magana cikin ladabi, amma kada ka sa hannu a kan alkawarin biya a ranar da ka san ba za ka iya ba. Kada ka rubuta wa kowa cakin banki alhali babu kuɗi a asusun, domin dokar 1977 ta sa ɗaurin shekara biyu a kan wannan. In matsin ya ci gaba, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna karɓar koke kyauta. Sai dai ka tantance wani abu tsakaninka da Allah: cikin mutum shidan nan, wa ya sayar maka bashi, wa ya ba ka kaya ka sayar masa ka kawo kuɗi? Na biyun amana ce. In ka sayar ka juya kuɗin a harkarka, ana iya tuhumar ka da cin amana, kuma shi ya kamata a fara rarrashi.

Yanzu zaman. Kafin ka kira kowa, ka rubuta sunan kowane mai bin ka, asalin kuɗin, abin da ka biya, abin da ya rage, da shaidar da ke akwai. A wata takardar ka rubuta duk abin da ka mallaka. Ka buɗe siton a gaban shugaban 'yan hatsi na kasuwarku da wakilin dagaci a ƙirga buhunan. In wani manomi ya gane buhunansa da ba a biya shi ba, hukuncin taflisi ya ba shi zaɓi, ya ɗauki kayansa ko ya shiga rabo, muddin ba a niƙa ba, ba a gauraya da wani iri daban ba. Sannan a kira su duka rana ɗaya, a zauren dagaci ko ofishin Hisba. Ganawa da su ɗaya-ɗaya ita ke haifar da zargin an fifita wani.

Lissafin da za ka gabatar mai sauƙi ne. A misali, in buhunan duka naka ne, miliyan 1.8 da dubu 350 sun zama miliyan 2.15. Waɗanda ba su riƙe da jinginar komai, wato mutum shida da 'yan adashi, suna bin miliyan 4.3. Kowace naira ta samu kwabo 50 ke nan: mai bin miliyan 1 ya karɓi dubu 500, mai bin dubu 200 ya karɓi dubu 100. Abincin gida da ka cire zai ɗan rage wannan, rarar mota ko ta yankin gona za ta ƙara shi. In aka tabbatar kuɗin Alhaji rance ne, shi ma ya shigo, rabon kowa ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ragowar ka nemi a raba maka ita a kan kaka biyu ko uku, da adadin da gonarka za ta iya ɗauka ko damina ba ta yi kyau sosai ba. Alkawarin da ya fi ƙarfinka shi ne ke rusa sulhu, domin saɓawar farko takan mayar da kowa kotu a fusace.

Kana iya roƙon rangwame, kuma yafe wani ɓangare na bashin da lokacinsa ya yi halal ne, sadaka ce ga mai yafewa. Abu biyu ne za a kiyaye. Malikiyya ba su yarda a rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a biya da wuri. Ƙara kuɗi don a ƙara lokaci kuwa riba ce tsantsa. Haka nan ka nisanci ɗaukar kaya bashi da tsada ka karyar a kasuwa don ka samu tsabar biyan wani, da bashin manhajojin waya masu ruwa mai yawa da wa'adin 'yan kwanaki. Waɗannan su ke mayar da miliyan 11 ta zama 15.

Takardar sulhun ta ƙunshi sunan kowa, abin da ya karɓa a ranar, abin da ya yafe, abin da ya rage, ranakun biya da wurin biya, abin da za a yi in an samu jinkiri, da amincewarsu cewa ba za a taɓa gida da ragowar gona ba muddin kana cika alkawari, da janye ƙarar da ke wurin 'yan sanda. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu adalai su sa nasu, kowa ya tafi da kwafi, ka ɗauki hotonta a waya. Daga nan ku kai ta kotun Musulunci mafi kusa a shigar da ita a matsayin sulhu, don kada wani ya wayi gari ya ce bai san zancen ba. Duk biyan da za ka yi bayan haka, ka karɓi rasit ko ka biya a gaban shaida.

Kada kunya ta hana ka neman zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba wa, matuƙar ba a sabo aka ci bashin ba, kuma naka na kasuwa ne. Ka kai takardar sulhun ga kwamitin zakka na masarautarku da attajiran da ka yi hulɗa da su a Dawanau. Mai bayarwa ya fi sakin jiki in ya ga lissafi a rubuce, kuma yana iya biyan manomin kai tsaye.

Bankin zai kai sunanka ga kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, wanda zai sa samun wani bashin banki ya yi wuya na wasu shekaru. Dokar 2017 da ke kula da waɗannan kamfanoni ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ranar da ka gama biya, ka karɓi takardar shaidar kammalawa, da asalin takardar gidanka, da takardar da ke sakin ƙanenka daga tsayawar da ya yi, sannan ka duba rahoton ka tabbatar an gyara.

A wannan makon, mai mota za ka fara gani kafin zubi na uku ya cika, sai ƙanenka, sai banki da takardarka a hannu. Kafin ka sa hannu a kan duk wani sabon abu da banki ko mai mota zai kawo, ka kai wa lauya ya karanta maka, ko da na Hukumar Agajin Lauyoyi ne a Dutse. Rashin barcin nan ma kada ka riƙe shi kai kaɗai. Ka zaunar da matarka ka gaya mata lissafin yadda yake, in kuma ya ci gaba ko kana jin jiri da ciwon kai, ka je asibiti a auna jininka.